Darasi na Tara: Ƙashi Bai Karye Ba, Amma Ƙafa Ta Ƙi Ɗauka

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. Bambanta ƙashin baya da laka, ya kuma faɗi aikin kowanne.
2. Bayyana yadda laka ke jin rauni alhali hoto bai nuna karaya ba.
3. Faɗin abin da ke sa shanyewar jiki ta yi jinkiri, ta zo bayan awanni ko kwanaki.
4. Gane alamomin gargaɗi na mintocin farko bayan buguwa.
5. Nuna yadda ake ɗaukar wanda ya bugu a wuya ko a baya, da abin da ya kamata a faɗa wa likita.

1. Ƙashin baya daban, laka daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar Babbar Sallah ya riga ya ga rabin wannan darasi. Idan aka sa gatari aka datsa gadon bayan rago, a tsakiyar kowane gutsure akwai rami zagayayye, a cikin ramin kuma akwai wani farin abu mai laushi, wanda ko da ɗan yatsa aka danna shi sai ya lotse. Ƙashin shi ne gida. Farin abin nan shi ne laka.

Jikin mutum ma haka yake. Ƙashin bayansa jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 a can ƙasa sun haɗe da juna. Tsakanin yawancinsu akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi, sannan akwai jijiyoyi masu ƙarfi da ke ɗaure su. Ramukan ƙasusuwan sun haɗu sun zama bututu guda, ta cikinsa laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa har zuwa saman ƙugu. Tsawonta a jikin babban mutum ya kai wajen santimita 45, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Daga jikinta jijiyoyin saƙo suke fita bibbiyu, dama da hagu, har sau 31.

Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa ta nan yake bi. Duk labarin da fata ke kai wa ƙwaƙwalwa, na zafi ko sanyi ko sukar ƙaya, ta nan yake hawa. Riƙe fitsari da bayan gida ma da hannun laka a ciki. Shi ya sa wurin da ta bugu yake da muhimmanci ƙwarai: abin da ke ƙasa da wurin shi ke rasa saƙo. Idan a bayan ƙirji ne, ƙafafu ne za su mutu. Idan a wuya ne, har da hannaye. Idan kuwa can saman wuya ne, daidai ƙashi na uku zuwa na biyar, inda jijiyar da ke motsa tantanin numfashi take fitowa, to numfashin kansa yana cikin haɗari.

> Akwatin kalmomi na 1
> Ƙashin baya: jerin ƙasusuwan da suka tashi daga ƙeya zuwa mazaunai, masu riƙe jiki da kare laka.
> Laka: farin abu mai laushi da ke cikin bututun ƙashin baya, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki.
> Faifai: guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi a gadon baya.
> Shanyewa: kasa motsa wani sashe na jiki saboda saƙo ya daina isa gare shi.

2. Abin da hoto ke gani da abin da ba ya gani

Hoton ƙashi da aka saba ɗauka a asibiti ya samo asali ne daga binciken Wilhelm Röntgen na Jamus a 1895. Haskensa yana ratsa nama ya wuce, ƙashi ne ke tare shi, don haka ƙashi ke fitowa fari fat a takarda. Karaya da gocewa yake nunawa. Laka kuwa, da yake nama ce mai laushi, ba ta fitowa ko kaɗan. Hoton CT da ya shigo asibitoci a shekarun 1970 ya fi shi ido nesa ba kusa ba, yana kama ƙananan tsagewar da hoton farko ke tsallakewa, amma shi ma gwanin ƙashi ne. Sai da na'urar MRI ta bazu a shekarun 1980 likitoci suka fara kallon lakar mai rai sosai, suna ganin kumburinta da jinin da ya taru a cikinta ko a gefenta.

Saboda haka idan ma'aikacin asibiti ya ɗaga hoto ya ce, "Babu karaya," gaskiya ya faɗa, amma a kan ƙashi kaɗai ya yi magana. Dangi kuma abin da kunnensu ke ji shi ne, "Babu komai." A tsakanin waɗannan maganganu biyu ake yin asarar da wannan darasi ke son hanawa.

3. Yara 24 na Pittsburgh

A 1982 wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa biyu a asibitin yara na birnin Pittsburgh a Amurka, Dachling Pang da James Wilberger, suka wallafa bayanin yara 24 da lakarsu ta ji rauni, amma hotunan ƙashinsu ba su nuna karaya ko gocewa ba. Su suka raɗa wa abin sunan da likitocin duniya ke kiransa da shi har yau, SCIWORA, wato raunin laka da hoto bai nuna ba. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne wajen rabin yaran ba su shanye nan take ba. Wasu sai bayan kwana huɗu. Da aka bi diddigi, akasarinsu sun tuna cewa a lokacin buguwar sun ji jikinsu ya yi dindiris, ko ya mutu na ɗan lokaci, sannan ya saki.

A 1989 Pang da wani abokin aikinsa, Ian Pollack, suka sake kawo bayanin yara 55. A cikinsu 15 shanyewarsu ta zo a makare. Wasu 8 kuma sun sake samun rauni na biyu a laka, tsakanin kwana 3 da mako 10 bayan na farko.

Me ya sa yara? Ƙashin bayan yaro kamar ɗanyen reshen dogon yaro yake, a lanƙwasa shi ya dawo yadda yake. Na babba ya fi kama da busasshen kara, ko ya jure ko ya karye. Jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan yaro suna da talala, ƙasusuwan ba su gama ƙosawa ba, naman wuyansa bai yi ƙwari ba, ga kai babba idan aka gwada da jikin. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na tsawonsa, na babba kuwa wajen ɗaya bisa takwas ne. Idan yaro ya faɗo, ko mota ta taka birki da ƙarfi, nauyin kan nan sai ya fizgi wuya. Ƙasusuwan su zame, su ja laka ko su matse ta, sannan su koma mazauninsu kamar ba a yi komai ba. Hoto ya zo daga baya ya tarar da kowa a wurinsa.

Wani likita mai suna Leventhal ya auna wannan tun a 1960, a kan gawawwakin jarirai. Ya ga ƙashin bayan jariri yana iya miƙewa har wajen inci biyu bai tsinke ba, amma lakar da ke ciki ba ta jure fiye da kwatan inci. Gidan yana iya miƙewa ninki takwas fiye da mai gidan. Wannan rauni ya fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara takwas, kuma a nasu ya fi faɗawa can saman wuya, inda ya fi haɗari.

> Akwatin kalmomi na 2
> SCIWORA: raunin laka bayan buguwa, alhali hoton ƙashi da na CT ba su nuna karaya ko gocewa ba.
> MRI: na'urar ɗaukar hoto da ke aiki da maganaɗisu, mai nuna laka da faifai da jijiyoyi.
> Alamar gargaɗi: mutuwar jiki, minjirya ko rashin ƙarfi na ɗan lokaci da ke zuwa daidai lokacin buguwa, sannan ya wuce.

4. Me ke kawo jinkirin?

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne hankalin mutane ya fi ƙin yarda. Yaro ya faɗo da hantsi, ya tashi, ya ci tuwon dare, ya kwanta da ƙafarsa, da asuba a ce ƙafar ta mutu. Wa zai danganta wannan da faɗuwar jiya? Sai tunani ya tafi wajen iska, ko jifa, ko shan inna. Alhali abin da ke faruwa a cikin bututun nan yana da bayani, kuma hanyoyinsa sanannu ne.

Hanya ta farko kumburi ce. Duk naman da ya bugu yana kumbura, kuma ba a take yake kai iyakarsa ba. Mai zobe a yatsa ya san wannan. Idan ƙofa ta datse masa yatsa, a mintin farko zoben yana fita cikin sauƙi. Idan ya bari zuwa dare, yatsan ya cika, zoben ya nutse cikin nama, kan yatsan ya yi baƙi don jini ya kasa wucewa. Laka tana cikin zoben da ba ya ciruwa. Idan ta kumbura babu inda za ta, sai ta matsu da bangon ƙashi, ƙananan hanyoyin jininta su toshe, ƙwayoyin da suka tsira daga bugun farko su fara mutuwa saboda rashin iska da abinci. Kumburin yana iya ci gaba da ƙaruwa na kwanaki, yana kuma iya hawa sama da inda ya fara. Likitoci suna kiran wannan rauni mai biyo baya, kuma akasarin aikin asibiti a kwanakin farko ƙoƙarin rage shi ne.

Hanya ta biyu zubar jini ce a cikin bututun. Wata ƙaramar hanyar jini ta fashe a gefen laka, tana ɗiga a hankali. Awa ɗaya, awa biyar, ba a ga komai ba. Da jinin ya taru ya daskare sai ya danne laka. Masu shan maganin tsinka jini, kamar wasu masu ciwon zuciya, sun fi shiga wannan haɗari. Irin wannan ne ya fi kowanne buƙatar gaggawa, domin idan aka yi tiyata aka kwashe gudan jinin da wuri, ƙarfin jiki kan iya dawowa, idan aka makara kuma ya tafi ke nan. Faifan da ya fashe ya turo ciki ma yana yin irin wannan dannewar.

Hanya ta uku yankewar jini ce. Kashi biyu bisa uku na laka ta gaba hanyar jini guda ce ke ciyar da shi. Idan bugun ya taɓa ta ko rassanta, ko jinin mutum ya yi ƙasa ƙwarai saboda zubar jini a wani wuri, laka na iya rasa abinci sannu a hankali.

Hanya ta huɗu ita ce wadda hannun mutane ya fi shiga, kuma ita ta fi ciwo a rai, don ana iya kauce mata. Jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwa sun yage ko sun saki, ƙasusuwan suna zaune a wurinsu, amma babu abin da ke riƙe da su. Kowane waiwaye, kowane rami da babur ya faɗa a hanyar asibiti, kowane juyi a kan tabarma, ƙashin yana ɗan motsawa yana gugar laka. Mai ɗori da ya kama kai ya ja, ko ya murɗa wuya don ya "mayar da targaɗe", yana iya ƙarasa abin da faɗuwar ta fara. Ba raina sana'ar ɗori ba ne a ce wuya da gadon baya ba wurinta ba ne. Ƙashin hannu babu laka a cikinsa.

> Misali na 1: Yaro da bishiyar mangwaro
> A ɗauka yaro ɗan shekara bakwai ya faɗo daga mangwaro, kansa ya fara isa ƙasa. Yayarsa da ke wurin ta ga ya kwanta shiru, ya ce mata, "Yaya, ba na jin ƙafata." Bayan minti kaɗan ya tashi ya tafi gida da kansa. Tsoron faɗa ya hana su biyun faɗar wannan. Da yamma aka kai shi ɗaukar hoto saboda ciwon wuya, aka ce babu karaya, aka ba shi maganin ciwon jiki. Washegari ya ce, "Inna, ƙafata ta yi nauyi," kuma tun dare bai yi fitsari ba.
> Bin diddigi: Shekarunsa ƙasa da takwas ne. Kai ne ya fara buguwa. An samu alamar gargaɗi. Hoton da aka ɗauka ba ya ganin laka. Nauyin ƙafa da tsayawar fitsari alamu ne cewa laka ta fara gazawa.
> Abin yi: A kwantar da shi rigingine, a tsare wuyansa, a kai shi babban asibiti a take. Ba a jira a ga ko zai warware zuwa gobe.
> Inda aka yi kuskure: Maganar mintocin farko ba ta isa kunnen likita ba. Da babba ya tambayi yayar cikin lallashi tun jiya, da labarin ya fito.

5. Dattawa ma ba su tsira ba

A wajen manya abin yakan zo ta wata ƙofa. Da shekaru suka ja, faifan wuya yana bushewa, ƙasusuwa suna fitar da ƙananan tsiro, jijiyoyi suna kauri, bututun laka ya ƙuntata. Mutum yana iya rayuwa da wannan shekara da shekaru bai sani ba. Ranar da ya faɗi ta fuska, goshi ko haɓa ya bugi ƙasa, kai ya tanƙware baya, sai laka ta matsu ta gaba da ta baya a lokaci guda. Babu ƙashin da ya karye.

Richard Schneider, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan a 1954. Alamarsa tana rikita mutane: hannaye sun fi ƙafafu mutuwa. Dattijo yana iya jan ƙafa ya yi tafiya, amma ya kasa riƙe cokali ko jan carbi, tafin hannunsa yana masa zafi kamar an zuba barkono.

> Misali na 2: Dattijo a banɗaki
> A ɗauka dattijo mai shekara saba'in ya zame a banɗaki da asuba, goshinsa ya bugi daɓe. Aka tashe shi, ya taka zuwa ɗaki. Da rana ya ce wa ɗansa, "Kai, zo ka ɓalle mini maɓallin nan, yatsuna sun ƙi." Ɗan ya ce, "Baba, ko hawan jinin ne ya taɓa ka?"
> Bin diddigi: Shanyewar da hawan jini ke kawowa takan kama ɓarin jiki guda, sau da yawa har baki ya karkace ko magana ta sarƙe. A nan hannu biyu ne, magana garau, ga ƙujewa a goshi da ke nuna kai ya tanƙware baya.
> Abin yi: A ɗauke shi a matsayin mai raunin wuya, a hana shi waiwaye da tashi zaune, a kai shi asibiti a kwance. A gaya wa likita faɗuwar da kuma duk maganin da yake sha. Likita ne zai tantance tsakanin cututtukan biyu, kuma kowannensu na gaggawa ne.

6. Alamomin da ba a wasa da su

Bayan faɗowa daga bishiya, gini, jaki ko raƙumi, bayan hatsarin mota ko babur, bayan kaye a kokawa, tsalle cikin ruwa marar zurfi, ko zamewa da kaya mai nauyi a ka, waɗannan su ake nema: ciwon wuya ko baya a tsakiya, minjirya ko mutuwar jiki a hannu ko ƙafa, jin wani abu kamar wutar lantarki ya ratsa gadon baya idan an sunkuyar da kai, rashin ƙarfi, tuntuɓe ko sakin abin da aka riƙe, fitsari ya tsaya ko ya zubo ba a sani ba, numfashi da ƙyar. Ƙaramin yaro da bai iya bayani ba yakan ƙi juya wuya, ko ya riƙe kansa a karkace, ko ya daina amfani da hannu guda.

Ko da alamar ta daƙiƙa goma ce ta wuce, tana cikin lissafi. Tashi da tafiya bayan faɗuwa ba shaida ba ce cewa laka lafiya take.

7. Ɗauka

A bakin titi, tausayi kan yi ɓarna. Wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kai na reto, a cusa mutum a zaune cikin a-daidaita-sahu, wani na ɗura masa ruwa. Niyya mai kyau ce, amma ga yadda ya kamata.

Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kan wanda ya bugu, ya tallafi kan da tafin hannu biyu, ya riƙe shi daidai da jiki. Wannan mutum ba ya saki, kuma shi ke ba da umarni. A duba numfashi tukuna, don shi ke gaba da komai. Ba a ba wanda ya bugu ruwa ko abinci. Ba a cire hular kwano sai idan ta hana numfashi. Idan ya zama dole a juya shi, saboda amai ko don a sa shi a kan katako, mutum uku ko huɗu su jeru a gefe guda, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungumen itace, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare. Ƙyauren ƙofa ko faffaɗan benci yana iya zama gadon ɗauka. A naɗe zani ko tawul a sa dama da hagu na kai. Ga ƙaramin yaro, a ɗan sa ninkakken zani ƙarƙashin kafaɗu da baya, domin girman ƙeyarsa yana turo kan gaba idan ya kwanta a daɓe. A nemi motar da zai kwanta a miƙe. A Nijeriya ana kiran jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, ko lambar gaggawa 112. Idan wurin da yake akwai wuta ko wani haɗarin da ya fi, a janye shi a miƙe, ana tallafe da kai.

8. A asibiti da bayan sallama

Likita zai gwada ƙarfin kowace gaɓa, ya taɓa fata wuri-wuri, ya kuma maimaita gwajin bayan awanni, don canjin da ke tsakani shi ke ba da labari. Abin da dangi za su ba shi, wanda babu na'urar da za ta iya, shi ne labarin mintocin farko: yaya ya faɗi, me ya ce, tsawon wane lokaci ya kasa motsi, yaushe ya yi fitsari na ƙarshe. Idan akwai alamar laka, MRI ake buƙata, kuma wannan kan sa a tura mutum babban asibiti, irin su asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kuɗinsa da nauyi, tafiyar da nisa, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ko kafin a samu hoton, tsare wuya da kwanciya a asibiti ana lura da mutum suna rage haɗari sosai.

Abin da MRI ya nuna yana hasko gaba. Wanda lakarsa ta fito lafiya, ko kumburi kaɗai aka gani, yakan samu sauƙi mai yawa. Wanda jini ya taru da yawa a cikin lakar, ko ta tsinke, da wuya ƙarfin ya dawo. Idan an ga gudan jini ko faifai yana danne ta, tiyata ce. Idan babu, sai a kiyaye kada jinin mutum ya yi ƙasa a makon farko, a sa masa abin tallafe wuya. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka ta 2013 ta ba da shawarar tsare wurin har zuwa mako 12, da nisantar wasanni masu haɗari har wata shida.

Wanda shanyewa ta riga ta kama kuma, kulawa ce ke raya shi. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya tarar gyambon kwanciya da cutar mafitsara ne ke kashe akasarin irin waɗannan majinyata. Ya sa aka riƙa juya su duk bayan awa biyu, dare da rana, ana kula da fitsarinsu, ana motsa musu gaɓoɓi. Har yau wannan ne ginshiƙin jinyar, tare da aikin masu gashin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane sama da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya.

> Misali na 3: Abin wuyan da ya dami yaro
> A ɗauka yaro ɗan shekara goma ya yi karo a filin ƙwallo, hannayensa suka mutu na minti biyar. Asibiti suka sa masa abin tallafe wuya. Bayan mako biyu ya warke sarai a ido, ga zafin bazara, abin yana sa shi ƙaiƙayi. Kakarsa ta ce, "Ku cire wa yaron nan wannan ƙangi, ai ya warke."
> Bin diddigi: Dawowar ƙarfi ba ta nuna jijiyoyin da suka saki sun ɗinke. A rahoton 1989, rauni na biyu ya zo har bayan mako 10.
> Abin yi: Uban ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, likita ne ya sa, shi zai cire." A riƙa tsabtace fatar yadda aka koya musu a asibiti. A sanar da malamin makaranta da mai horar da 'yan ƙwallo cewa babu wasa, babu hawan keke, babu kokawa, sai likita ya ba da izini.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin ƙashin baya da laka? Wanne hoton ƙashi ke nunawa?
2. Me ya sa raunin saman wuya ya fi na bayan ƙirji haɗari?
3. Kawo dalilai uku da suka sa lakar yaro ke jin rauni ba tare da karaya ba.
4. Me awon Leventhal na 1960 ya nuna?
5. Yi amfani da misalin zobe da yatsa ka bayyana yadda kumburi ke kawo shanyewa a makare.
6. A cikin hanyoyi huɗu na jinkiri, wacce ce ta fi buƙatar tiyatar gaggawa, wacce kuma 'yan ɗauka za su iya tsanantawa?
7. A misali na 2, waɗanne abubuwa ne suka nuna wuya ne ya bugu?
8. Maƙwabcinka ya ce, "An yi hoto, an ce babu karaya, gobe zai koma makaranta." Waɗanne tambayoyi za ka yi masa?
9. Aikin aji: ku kasu mutum biyar-biyar, ɗaya ya kwanta a tabarma, sauran su gwada mirgina shi zuwa kan benci, mai riƙe da kai yana ba da umarni.
10. Rubuta jimloli huɗu da za ka faɗa wa likita game da yaron da ke misali na 1.